Ramar Gidan Kansila

Na san labarin da aka ba ku. An ce muku a shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, ubanku Bulus ya noma wiwi a cikin bokitai, ikilisiya ta kama shi, aka ce ya tuba ya ƙi. Ƙanena Yohanna ya fi kowa iya ba da wannan labari, musamman idan ya ci naman Kirsimeti ya ƙoshi a gidana, da cokalina. To, yau ga nawa. Rubutuna a karkace yake, ku yi haƙuri da shi. Ban daɗe a makaranta ba, tun ranar da malami ya sa hannu a aljihun rigarsa ya taɓo ƙadangaren da na ajiye masa muka rabu babu sallama. Amma kaina bai zubar da komai ba.

Kafin lokacin, masaƙar da na yi wa aiki tun ina saurayi ta sallame mu. Aka ce zare ya yi tsada, injuna sun tsufa, mu ma mun tsufa. Na samu ɗan fili a bakin titi a unguwar Trikania, tsakanin mai facin taya da Malam Inuwa mai shayi, na jera fulawa da dashen tumatir da barkono. Masu wucewa suna zaton fulawa nake sayarwa. Fulawa talla ce kawai, ƙasa ce sana'ata. Baƙar ƙasa daga ƙauyen Kakau nake ɗebo ta, a gindin itatuwan ɗorawa inda ganye ya shekara yana ruɓewa. Kashin shanu sai wanda damina ta wuce a kansa, ya huce ya daina wari, don ɗanye ƙona saiwa yake yi. In kawo yashin kogi don ruwa ya samu hanyar wucewa, da ɓuntun shinkafa daga wurin masu inji don kada ƙasar ta danƙare, da garin gawayi wanda mai gawayin unguwarmu yake ba ni kyauta yana kallona kamar wanda ya fara zarewa, sai toka kaɗan daga murhun uwarku Rifkatu. In juya su da shebur har kafaɗata ta yi ƙara, in yayyafa ruwa, in rufe da tsofaffin buhuna in bar ta ta kwanta. Ranar da na buɗe na tarar da tsutsotsin nan da masu kamun kifi ke nema suna yawo a ciki, na damƙa ta dunƙule a hannuna, na taɓa da yatsa ta wargaje, to ta nuna. Har shinshina ta nake yi. Uwarku ta sha cewa da zan shinshina ta ita kanta rabin haka da ba ta taɓa yin yaji ba.

Ina da wata ɗabi'a, kuma ita ce ta kai ni ta baro. Duk wanda ya sayi ƙasata sai na bi ta har gidansa na ga yadda take yi. Idan shukar ta yi kyau sai in roƙi aron tukunya ɗaya, in kai ta bakin titi in ɗora a kan ganga, in riƙa gaya wa masu wucewa daga gidan wane take. Tukunyar shaida nake kiranta. Bayan kwana biyu in mayar wa mai ita. Ba ni da allon talla, ba ni da kuɗin talla a rediyo, bakina da gangar nan su ne duk abin da na mallaka.

Abokina Ayuba kuma tare muka yi aiki a masaƙa. Injinsa yana kusa da nawa, kwano ɗaya muke cin shinkafa da wake a bakin get, coci ɗaya muke zuwa. Da aka buga gangar siyasa ya tsaya kansila, muka yi layi cikin rana muka zaɓe shi, ni har rawa na yi a bayan a-kori-kura da ganye a hannu. Ya ci. Kafin mu farga Ayuba ya zama Honorabul, wuyansa ya yi kauri, ya zagaye gidansa da katanga mai fasassun kwalabe, ya saya wa coci janareta, aka sa shi cikin dattawan ikilisiya. Mutumin da na san shi yana ɗaure wando da zaren masaƙa, sai ga ni ina ce masa ranka ya daɗe. Ban ji haushi ba a lokacin. Na ce ai namu ne ya hau.

Wata rana babban ɗansa, wanda kowa ke kira Juniya, ya tsaya a gaban lambuna da motar ubansa. Saurayi ne sosai, da gemu, ya dawo gida don malaman jami'a suna yajin aiki.

"Baba, ƙasa nake so. Wadda ta fi kowace kyau. Da bokitai."

"Me za ka shuka, ɗana?"

"Rama ce. Amma ta waje ce, irin da muke gwaji a makaranta."

"Rama? Rama ai ko a bola ka jefa ta za ta fito. Me za ta yi da ƙasata?"

"Wannan 'yar gata ce, Baba, ba ta son wahala. Kowa ya ce in ba ƙasarka ba kada ma in fara."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kashe ni. Kaina ya kumbura har hulata ta matse ni. Ƙasata za ta shiga jami'a! Ni da aka kora saboda ƙadangare! Na buɗe tulin da ya fi daɗewa a kwance, wanda nake ɓoye wa wardi, na tankaɗe shi kamar garin tuwo. Na samo tsofaffin bokitan fenti na wanke, na huda gindinsu da ƙusa mai zafi, na cika su, na tura a amalanke da kaina har bayan gidan Honorabul, na jera su a bayan tankin ruwa inda Juniya ya nuna mini. Iri kuwa ban gan shi ba, ban taɓa shi ba. Ku riƙe wannan. Ƙasa na kai, na juya na tafi.

Da damina ta yi nisa na bi sawun ƙasata kamar yadda na saba. Juniya ba ya nan, uwarsa na tarar, wadda a da muke kira Hannatu, yanzu ta koma Madam. Ta kai ni bayan tanki. Wallahi da na ga shukar nan sai da na cire hula. Ta kai mini ƙugu, kore shar, ganye a buɗe kamar yatsun hannu. Ku da kuka san rama kun san akwai mai irin wannan ganye, mai yatsu. Wiwi kuwa ni a naɗe na san ta, a bakin yaran tasha, da warin hayaƙinta. Ban taɓa ganinta tsaye da ƙafarta ba. Na ji wani ɗan wari-wari, na ce ai abin waje ne, dole ya bambanta da namu. Na roƙi Madam aron bokiti ɗaya.

"Ɗauki mana, Baba Bulus. Ni ma na ce masa in ta isa zan yi mana kwaɗonta da ƙuli-ƙuli, ya ce kada in kuskura in taɓa, ta jarrabawa ce."

Na zaɓi wadda ta fi tsayi, na rungume ta kamar jariri, na ratsa unguwa da ita da rana tsaka, na ɗora a kan ganga a bakin babban titi.

Ban taɓa ganin kasuwa irin ta ranar ba. Bas ta farko da ta wuce, kwandasta ya leƙo har ya kusa faɗowa.

"Baba! Kai ne oga! Ta sayarwa ce?"

"Ba ta sayarwa ba ce. Ta gidan Kansila ce. Ƙasata ce ta yi wannan aiki!"

'Yan acaɓa suka riƙa tsayawa suna sara mini. Wani ya durƙusa a gaban ganga ya ɗaga hannu sama. Mai facin taya ya yi dariya har ya kwanta a kan taya yana riƙe ciki, na tambaye shi lafiya, ya ce wani abu ya tuna. Kowa ya tambaya amsa ɗaya nake ba shi, da ƙarfi don na bayansa su ji: gidan Kansila, ƙasar Bulus. Malam Inuwa ne kaɗai ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Bulus, ramar nan taka ba ta kwanta mini ba." Na ce masa mai shayi ya tsaya ga ganyen shayi. Duk titin nan, manya da yara, babu wanda ya buɗe baki ya ce mini, tsoho, ga abin da ka ɗora a kan ganga. Sun samu sinima kyauta.

Da la'asar uwarku ta biyo daga kasuwa. Ta tsaya, ta kalli shukar, ta kalle ni. Ta tsinki ganye ta tauna ta tofar. Ta shafa karan da yatsa.

"Baban Talatu, rama babu tsami? Rama babu ƙaiƙayi a jiki?"

"Ta waje ce."

"Ta waje ce ko ta gidan yari?"

Ta cire mayafinta ta lulluɓe bokitin da shi kamar gawa.

"Wa da wa ka gaya wa daga inda take?"

"Waɗanda suka tambaya kawai."

"Su wa suka tambaya?"

"Duk Trikania."

Da safe na sa bokitin a buhu na tafi wurin Ayuba. Ban je ofishin kowa ba, ban je wurin Fasto ba, wurin abokina na je, don ɗansa ne kuma gidansa ne. Na same shi a falo, na buɗe buhu, na ba shi labari tun daga farko har da wautata. Gumi ya keto masa. Ya tashi ya rungume ni, ya ce, "Bulus, kai ɗan'uwa ne. Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka. Ka bar mini sauran." Na fito ina jin daɗi, har ina tausaya masa. A ranar aka ƙone shukar, aka sa Juniya a mota aka kai shi wurin gwaggonsa a wani gari. Amma magana ta riga ta hau bas ta zagaye gari, kuma ni na biya mata kuɗin mota. 'Yan adawa suka fara kiransa Kansila mai lambu. Kujerar da bai gama ɗumama ta ba ta fara rawa. Yana bukatar wanda zai ɗora wa kayan, ya duba hagu ya duba dama, ya ga mutumin da ya rungume.

Ranar Lahadi bayan sujada aka ce in tsaya, dattawa suna son ganina. Na shiga ɗakin na tarar da su a jere, Fasto a tsakiya, Ayuba kuma a cikinsu, a kan kujerar masu shari'a. Ya miƙe da murya mai sanyi ya ce ya ga ɗan'uwansa ba shi da aiki, ya tausaya masa ya ara masa bayan gida don ya riƙa renon dashe, bai san abin da zai saka masa da shi ke nan ba. Na buɗe baki, Fasto ya ɗaga hannu ya ce a bi abu a tsare.

"Ɗan'uwa Bulus, wa ya haɗa ƙasar?"

"Ni ne."

"Wa ya kai bokitan gidan?"

"Ni ne."

"Wa ya ɗora abin a bakin titi yana talla?"

"Ni ne, Fasto, amma ku tambaye ni wa ya sa iri."

"Muna zuwa nan."

Ba su zo ba. Da na ga za a rufe da addu'a sai na faɗa da kaina, na ce Juniya ne. Fasto ya ce ba kyau a jawo sunan yaron da ba ya nan ya kare kansa. Na ce to a kira Madam, ita ta ba ni bokitin da hannunta. Aka ce Madam ba ta jin daɗi, hawan jini. Sai Ayuba ya share ido da hankici ya ce shi dai ya yafe mini, ba zai kai ni hukuma ba, saboda 'ya'yana. Dattawa suka ce amin. Amin! Na ce, "Ayuba, zaren da kake ɗaure wando da shi ma ni nake tsinko maka, yau ni za ka yafe wa?" Wannan bai taimake ni ba. Aka yanke cewa ina ƙarƙashin horo: zama a bencin baya, babu cin gurasar Jibin Ubangiji tare da jama'a, har ranar da zan tashi a gaban jama'a in ce na shuka mugun abu, na yi wa bawan Allah ƙazafi, a gafarta mini.

A kwanakin nan ko yaushe ka kunna rediyo cewa ake yi mulkin kama-karya ya wuce, yanzu kowa yana da baki. Gaskiya ne, bakina babu wanda ya rufe. Na faɗa a bakin titi, na faɗa a wurin mai shayi, na faɗa a wurin makoki, na faɗa wa dattawan ɗaya bayan ɗaya a gidajensu. Kunnuwan ne aka kwashe aka kai gidan Honorabul. Wani dattijo, mutumin da muka yi ƙungiyar mawaƙan coci tare, ya raka ni har bakin ƙofa ya ce, "Bulus, mun san kai wawa ne, ba mugu ba. Amma ka dubi rufin cocin nan, wa zai ƙarasa shi?" Ashe sun sani. Da a ce sun yarda da ƙaryar da na fi samun sauƙi. Sun auna ni da kwanon rufi, kwano ya fi nauyi.

Bencin baya yana kusa da ƙofa, inda ruwa ke feso mutum. Mu uku ne a kai: ni, da wata yarinya mai ciki wadda ba a taɓa tambayar wa ya yi mata ba, da wani tsoho da burkutu ya ƙi rabuwa da shi. Na zama shugabansu. A lambu matan zumunta na cocinmu suka daina sayen fulawata. Waɗanda suka ƙaru su ne samari masu jan ido, su matso suna raɗa, "Baba, irin ƙasar nan muke so." Da shebur nake raka su. Ku kuma ƙanana a makaranta aka sa muku 'ya'yan Baba Rama, kuna dawowa da kuka, ina sane, ban manta ba.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya sa ni a tsaka mai wuya shi ne auren yayarku Talatu. An riga an sa rana da Istifanus, malamin makaranta daga Sabon Tasha, bayan girbi. A cocinmu kuwa wanda ke ƙarƙashin horo ba ya tsayawa a gaba ya ba da 'yarsa. Fasto ya zo har gida ya tuna mini da wannan, yana shan kunun uwarku. Yohanna ya zo shi ma.

"Yaya, magana ce fa ta numfashi ɗaya. Ka tashi, ka ce na yi kuskure, ka zauna. Wa zai mutu?"

"Ni."

"Allah ai ya san gaskiya."

"To in tsaya a ɗakinsa in yi ƙarya don ya riga ya sani?"

Madam ma ta zo lambu. Ba ta fito daga mota ba, gilashi ta sauke. Hawan jinin ya sauka, ga alama. Ta ƙi haɗa ido da ni, ta ce ta ji ana shirin biki, in na daidaita da maigida ita za ta ɗauki nauyin rigar amarya.

"Hannatu, ke kika ce in ɗauki bokitin nan."

"Baba Bulus, ɗana ne. Uwa ce ni."

"Nawa 'ya'yan a tukunya na shuka su?"

Ta ɗaga gilashi, direba ya ja.

Wadda ta kusa karya ni ita ce Talatu. Ta same ni ina juya ƙasa a bayan gida, ta durƙusa a kan tulin ɓuntu da zanenta mai kyau.

"Baba, na san ba kai ba ne. Istifanus ma ya sani. Amma rana ɗaya ce a rayuwata. Ba na son hannun Baba Yohanna, naka nake so."

Na dubi uwarku tana tsaye a ƙofar kicin, na ce ke fa, me kika ce? Ta ce, "Bakinka ne ya sa ka ciki, bakinka zai fitar da kai ko ya bar ka. Ni duk inda ka zauna zan kai maka abinci." Ta juya ciki. Na ce wa Talatu ta tashi, zan yi. Na yi ta maimaita maganar a gaban tulin ƙasa kamar ɗan makaranta: na shuka mugun abu, na yi wa bawan Allah ƙazafi. Tsutsotsi suka ji ta har suka gaji.

Lahadin ƙarshe kafin biki, bayan wa'azi, Fasto ya dubi bayan coci ya ce ko akwai mai magana a zuciyarsa. Kowa ya juyo. Na miƙe. Da gaske na miƙe, maganar tana kan harshena. Sai idona ya faɗa kan Ayuba a kujerar gaba, yana gyara hannun babbar riga, ya riga ya shirya fuskar mai yafewa, har ya fito da hankicin nan. Wato zan faɗa, ya taso, ya rungume ni karo na biyu, jama'a su yi tafi. Ƙafafuna suka yanke shawara ba su tambaye ni ba. Na riƙe mara kamar wanda fitsari ya matse, na juya na fita ta ƙofar da ke kusa da ni. Daga waje ina jin Fasto ya ta da waƙa don ya rufe ramin. Da muka koma gida Talatu ba ta yi mini kuka ba, ba ta yi mini faɗa ba. Ta daina kallona ne kawai. Ta gaishe ni idonta a bango. Wannan ya fi bencin baya ciwo nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya ce muku na ji daɗin taurin kaina bai kwana a cikin ƙirjina ba.

Ranar biki Yohanna ya zo da safe ya ari babbar rigata, wadda na ɗinka don wannan rana, ya ce tasa ta matse shi. Na ba shi. Na sa tsohuwar kaftanina na tafi bencina. An ƙawata coci da fulawar roba, kyautar Honorabul, a bikin 'yar mai fulawa. Uwarku tana gaba cikin matan zumunta. Tsohon burkutu ya matsa mini wuri ya ce, "Shugaba, yau ranarka ce," na ce ya yi mini shiru. Aka shigo da Talatu, hannunta a hannun Yohanna, ta wuce ta gefena har gefen rigarta ya shafi gwiwata. Ba ta juyo ba. Aka yi waƙa, aka yi karatu. Na yi wa kaina alkawari zan zauna kamar dutse. Sai Fasto ya gyara tabarau ya ce:

"Wa ya ba da wannan 'ya aure?"

Yohanna ya yi gyaran murya, ya ɗaga hannun rigata. Ban san lokacin da na tashi ba. Muryar da na saba yi wa mutane magana da ita a cikin ƙarar injunan masaƙa ita ce ta fito.

"Ni ne! Bulus, ubanta, daga bencin baya! Na ba da ita, Allah ya sa albarka!"

Coci ta yi tsit, ba ka jin komai sai janaretan Ayuba. Yohanna ya tsaya da hannu a sama. Wata tsohuwa daga dangin ango, wadda ba ta san dokarmu ba, ta rangaɗa guɗa, matan zumunta suka kama ba su shirya ba, uwarku a gaba. Talatu ta juyo, ta dube ni ta cikin mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Kuka ne ko dariya, ban gane ba, kuma na tambaye ta sau da yawa ta ƙi gaya mini. Amma ta dube ni. Fasto ya rasa yadda zai yi, ya ci gaba da ɗaurin aure.

Dattawa ba su bari ya wuce ba. Suka sake kirana, suka ce na ta da hankali a cikin sujada, na raina shugabanni, an ƙara mini horo a kan horo, kuma wannan ma sai na tashi a gaban jama'a. Na ce babu damuwa, Lahadi mai zuwa. Suka kalli juna. Ayuba ya ce ya gode wa Allah da ya taɓa zuciyar ɗan'uwansa.

Lahadi coci ta cika, har da waɗanda ba a ganinsu sai ranar bikin Ista. Fasto ya kira sunana. Na miƙe, na cire hula, na ce:

"Jama'ar Allah, ranar auren 'yata na yi ihu a ɗakin Ubangiji. Ni na yi, babu wanda ya sa ni. Ku gafarta mini."

Suka ce amin. Fasto ya tsaya yana jiran sauran. Ayuba ya ɗaga rabin jikinsa daga kujera, hankici a hannu.

"Ci gaba, ɗan'uwa Bulus."

"Na gama, Fasto. Iyakar abin da na yi ke nan."

Na mayar da hulata, na ce wa tsohon burkutu ya matsa, na zauna.